Jan Fensir a Kan Tungar Ƙirya

Ku da aka turo mana koyon aiki, na ji abin da ɗayanku ya faɗa shekaranjiya a bakin ƙofa. Wai aikin taswira ai danna maɓalli ne kawai, mutum ya je ya sha shayi ya dawo ya tarar rahoto ya fito. Ban tanka masa ba, don yana da gaskiya ta wani ɓangare, kuma gaskiyar tasa ce ta fi ba ni haushi. Sunana Sahabi, a ofishin nan Baba Sahabi ake ce mini tun furfura ba ta gama cin gemuna ba. Na fi shekara talatin ina zana ƙasar nan, daga Ƙaura zuwa Shinkafi zuwa Zurmi, duk a kan maganar ruwan sha: ina rijiya take, ina babu, ina ya kamata a haƙa. Tunda kun zauna, bari in ba ku labarin maɓallin nan.

Aikin farko da aka ba ni na kaina shi ne taswirar rijiyoyin ƙasar Zurmi. Lokacin ina ƙarƙashin Malam Ɗanjuma, tsohon safiyo mai awon ƙasa, mutum mai ƙaramin jiki da babbar murya. Shekara guda cur bai bar ni na taɓa alƙalamin tawada ba. Aikina fiƙe fensir, wanke bakin alƙalami da ruwan ɗumi, da shimfiɗa takarda shara-shara a kan teburin gilashi mai fitila a ƙarƙashinsa. Da ya yarda na fara zane, kwana tara na yi a kan taswirar nan, bayana kamar zai karye. Na kai masa ina jin kaina. Ya zaro jan fensir daga bayan kunne ya zagaye wuri bakwai. A ɗaya daga ciki na sa ƙauye a gabas da ƙorama alhali yana yamma. Ya tambaye ni, in direban injin haƙa ya bi takardata da damina, ni zan goya motar in tsallakar da ita? Na koma na kankare tawada da reza har takardar ta kusa hujewa.

Dokarsa ɗaya ce, kuma ya dasa mini ita har ta zama ɗabi'ar hannu: duk kuskuren da ido ya gani a takarda, a zagaye shi da jan fensir nan take, a rubuta ranar a gefe, kafin a ce za a yi wani abu. Ko takardar mai shayi aka miƙo mini na ga an yi kuskure, sai na ji hannuna ya tafi bayan kunne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ba taswira kaɗai ake zanawa ba. Kowace gunduma tana da shafinta, kuma a shafin sai an nuna yawan famfunan da ke aiki da waɗanda suka mutu. Da rula nake auna ginshiƙai ɗaya bayan ɗaya, dogo ga mai yawa, gajere ga mai kaɗan. Da kamfas nake zana faifai in yanka shi kashi-kashi kamar kankana. In aka kawo sabon lissafi daga ƙauye bayan na gama, to shafin ya mutu, sai sabo. Ga masu zuwa duba aiki. Kansila zai tsaya a kaina yana cewa ɗigon garinsu ya yi ƙarami, ai sun fi maƙwabtansu yawa. Wakilin hakimi zai zo da sanda ya ce iyakar da na ja ta cinye musu fadama. Kowa ka gani yana son ya ga kansa babba a takarda. Rahoton ƙananan hukumomin uku, in na yi sauri, wata biyu yake ɗauka. Amma a wata biyun nan duk wanda ke son sanin inda wani ƙauye yake, teburina yake zuwa. Ba zan ɓoye muku ba, ina jin daɗin wannan.

Tafiyar da ba na mantawa ita ce ta Tungar Ƙirya. A lokacin an kawo mana jifiyas, 'yar na'urar hannu mai nuna wa mutum ainihin inda yake tsaye a doron ƙasa. Na zagaya da ita har bayan Galadi a kan kabu-kabu, ina sa ƙauyukan da ba su taɓa shiga takarda ba. Tungar Ƙirya tana can ƙetaren gulbi, a wata gunduma ta ƙasar Ƙaura da ba kowa ke leƙa ta ba. Fulani ne da suka zauna, suna noman gero suna kiwo, babbansu Arɗo Jaɓɓi. Shi da kansa ya zagaya da ni a ƙafa. Ya nuna mini rijiyarsu ɗaya tilo, wadda ke ƙafewa kafin tsakiyar rani, ya nuna mini inda mata ke tonon yashi a gulbi suna jiran ruwa ya tsattsafo. Na tsaya a gindin ƙiryar da ke tsakiyar tungar na ɗaga na'urar sama har lambobi suka tsaya, na rubuta. Aka kawo mini nono da fura a ƙwarya, na sha har na ji kunya.

Da na dawo Ƙaura na zana taswirar, sai na yi wa Arɗo Jaɓɓi kwafi da hannuna na aika masa. Na sa kibiya a kan ɗigonsu, na ce a gaya masa sun shiga takarda, ranar da rabon rijiyar burtsatse ya zo ɓangarensu ba za a tsallake su ba. Ba wanda ya sa ni wannan alkawari. Bakina ne.

Sai Nafi'u ya zo. Shi ne wancan da kuke ce wa Oga Nafi'u, mai zama kusa da taga. A lokacin bai fi shekara biyu da gama karatu ba, ɗan nan Ƙaura ne, na san mahaifinsa. Ni ma zuwa lokacin na koyi kwamfuta daidai gwargwado, ina zana taswira a manhaja, shafi ɗaya bayan ɗaya, in yi ginshiƙai a wani wuri in kwaso in manna. Ya zauna kusa da ni sati biyu yana kallo, yana tambaya cikin ladabi. Ashe ƙirga matakaina yake yi. Rannan ya ce in zo in ga wani abu. Ya tsara shafi guda tak: taswira a sama, ginshiƙai a hagu, faifai a dama, jerin sunayen ƙauyuka a baya. Sannan ya rubuta wa kwamfutar umarni. Ta ɗauki gunduma ta farko, ta duba ɗigon da suka faɗo cikin iyakarta, ta ƙirga su, ta zana ginshiƙai, ta rina ja inda ruwa ya yi ƙaranci, ta ajiye shafin, ta wuce gunduma ta biyu. Ya danna. Kafin in gama ɓare goro, aikin wata biyu ya fito.

Na duba shafukan ina neman inda zan sa jan fensir, ban samu ba. Rubutun ya zauna daram, launi ya fi nawa kyau, ko kibiyar arewa ba ta karkace ba. Na ce masa madalla, Allah ya ƙara basira. A cikina kuwa wuta ce. Hassada ce, ba ni da wani suna da zan ba ta. Abin da ya fi ƙona mini rai, yaron bai da girman kai ko kaɗan da zan riƙe in ce saboda shi na ƙi shi. Kullum shi ke fara gaishe ni, shi ke ja mini kujera. Da ya yi mini rashin kunya ko sau ɗaya, da na samu sauƙi. Kansilolin da ke tsayawa a kaina suka koma kansa. Darakta, wanda a da ke leƙowa ya ce ina Baba Sahabi, ya koma cewa ina Nafi'u. Ni aka bar ni da gaisuwa.

Shekarar da ta fi muni ita ce wadda hanyoyin daji suka rufe da kaka. Kun san halin da ake ciki, ba sai na faɗa ba. 'Yan kabu-kabu suka daina shiga wasu wurare ko nawa za a ba su. Ma'aikatanmu masu cike fom a waya, waɗanda ya kamata su je kowane ƙauye su ga rijiya da idonsu, suka rasa yadda za su yi. Sai suka yi dabarar da duk ɗan ƙasar nan zai yi. Mutumin ƙauye komai tsanani ba ya fashin kasuwa. Suka riƙa zuwa Kasuwar Daji ranar kasuwa, su zauna a wata rumfa kusa da masu hatsi, su aika a nemo musu mai unguwar wuri kaza, arɗon wuri kaza. A gaisa, a tambaye shi famfo nawa ke aiki, mata na tafiyar awa nawa kafin su samu ruwa, a cike fom a nan. Ban ga laifinsu ba, ni ma da haka zan yi. Amsoshin gaskiya ne. Sai dai wayar, duk inda aka cike fom, nan take sa ɗigo. Ita kuma kwamfutar Nafi'u ba ta tambayar sunan ƙauye, inda ɗigo ya faɗo take dubawa.

Da bazara ta ƙarato abubuwa suka ɗan lafa ta wancan ɓangaren, aka ce injin haƙa zai fita da rakiya ya yi abin da zai iya kafin ruwa ya sauka. Rijiyoyin kaɗan ne. Tsarin kuwa, gundumar da rahoto ya nuna ta fi ƙishi ita ake ba, kansilanta da hakimi su zaɓi ƙauye daga cikin nasu. Nafi'u ya danna maɓallinsa, ya buga mini kwafi ya kawo da hannu biyu, ya ce in duba masa in akwai gyara. Na buɗe shafin gundumar da kasuwar ke ciki, na ga ta yi ja wur, ginshiƙin ƙauyuka marasa ruwa ya kusa taɓa saman shafi. A taswirar kuwa ɗigo ɗaya ne a kan kasuwa, don sun hau kan juna sun ɓoye. Na juya baya na bi jerin sunaye da yatsa. Ga Tungar Ƙirya a ciki, tare da wasu ƙauyukan ƙetaren gulbi. Na buɗe shafin gundumarsu ta gaskiya, na tarar da ita kore shar, kamar kowa a can yana da famfo a ƙofar ɗaki.

Ban san lokacin da hannuna ya je bayan kunne ba. Na zagaye sunan, na rubuta ranar a gefe. Sannan na rufe takardar na sa a aljihun tebur. Da Nafi'u ya tambaye ni da la'asar, na ce masa ina kan dubawa.

Ga abin da na ƙulla. An saba yin taro kafin a sa hannu, manya su zo daga Gusau, a haska rahoto a bango. Na ce a raina, ranar zan bari ya gama bayani a tafa masa, sannan in ɗaga hannu a hankali in ce ranka ya daɗe, a buɗe mana shafi kaza. In tambaya yaushe Tungar Ƙirya ta tashi ta ƙetare gulbi ta shiga kasuwa. Har yadda zan cire tabarau na tsara. Na gaya wa kaina ba wanda zai cutu, ai za a gyara a wurin, tungar ta samu rijiyarta, ni kuma a tuna ina nan. Kwana goma sha biyu ina ɗauke da wannan magana ina jin daɗinta.

Taron bai yiwu ba. Nafi'u ya riga ya tura rahoton ta waya, manyan suka duba suka ce ya fito fes, ba sai an wahalar da kowa a hanya ba. Suka sa hannu daga can. Saurin da nake ƙyashi shi ya cinye mini ranar da nake jira. Duk da haka ƙofa ba ta rufe ba, don injin bai tashi ba tukuna, kuma Darakta na iya neman a sake dubawa. Na shigo da safe da niyyar in ja Nafi'u gefe in nuna masa. Sai na tarar masinjoji biyu sun ɗauko teburina na gilashi, wanda na gada daga Malam Ɗanjuma, suna fita da shi baranda. Wai an kawo wa Nafi'u babban allon kwamfuta don yabawa da aikinsa, ba wurin sa shi. Shi kansa yana ta cewa a bar teburin, zai matsa. Ban ko dube shi ba. Na zauna, na fasa nuna masa. Bayan kwana huɗu injin ya fita.

Ruwan farko ya sauka da sati guda, muna zaune da hantsi, sai ga Arɗo Jaɓɓi a bakin ƙofa. Ya tsufa, ya rame, ƙafafunsa duk laka. Muka gaisa, na ba shi kujera, aka kawo ruwa ya sha. Ya ce ya ji an haƙa rijiya a garuruwan da ke kusa da kasuwa, wasu ma da famfonsu mai aiki. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro leda, ya warware ta a hankali. Taswirar da na aika masa ce, ta yi ja don tsufa, ninkin ya kusa raba ta huɗu. Ya shimfiɗa ta a gwiwa ya ɗora yatsa a kan kibiyar.

"Malam Sahabi, kai kas sa mu cikin takarda da hannunka. Ga ta nan, ban yada ta ba. To wa yah hidda mu?"

Nafi'u ya taso ya tambayi sunan tungar, ya koma ya buga. Ina kallon ƙeyarsa. Bai yi minti biyar ba ya gano, na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya zo ya durƙusa a gaban tsohon.

"Ni na hidda ku, Baba. Kuskurena ne. Ku gahwarce ni."

Arɗo ya dube shi, ya dube ni, ya ce Allah shi ka ba da ruwa. Ya tambaya ko injin zai iya zuwa yanzu. Nafi'u ya shiga wurin Darakta da gudu, ya fito jiki a sanyaye: gulbi ya kawo, motar ba ta ƙetarewa, kuma rabon bana ya ƙare. Tsohon ya ninke takardarsa ya mayar cikin leda. Na raka shi har inda kabu-kabu ke tsayawa, ina ta cewa baɗi in Allah ya so. Ya hau ya tafi, bai yi fushi ba.

Da na dawo na tarar Nafi'u ya riga ya gyara. Ya ɗauko tsoffin lambobin da na tara da jifiyas, ya mayar da kowane ƙauye wurinsa, ya danna, shafuka suka sake fitowa. Gundumar Arɗo ta yi ja. Minti ashirin ke nan. Ko a wannan halin, wallahi sai da na ji ƙyashin saurin. Sai ya ce in ba shi kwafin da ya buga mini, yana son ya bi shi layi-layi da ni, kada a ce akwai wani kuskuren da bai gani ba. Na ce na manta inda na sa. Ya ce ai ya ga na sa a aljihun tebur, ya jawo da kansa, don bai zaci komai ba. Ya juya shafi. Ya tsaya.

Jan da'irar tana nan, ranar tana gefe da rubutuna. Ya daɗe yana kallo. Na san ƙirga kwanaki yake yi, tun daga ranar zuwa ranar sa hannu, zuwa ranar da injin ya fita.

"Baba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "da ka hwaɗa mani, ai da ni da kaina zan ce kai kag gano."

Ya rufe takardar ya mayar aljihun ya tura. Bai kai maganar ko'ina ba. Darakta har ya bar ofishin nan yana ɗauka kuskuren Nafi'u ne shi kaɗai, kuma Nafi'u bai taɓa gyara masa zato ba. Gobe da safe shi ya fara gaishe ni kamar kullum. Abin da kawai ya yi, ya ƙara wa kwamfutar umarni: duk inda ɗigo suka taru a wuri ɗaya, ta tsaya ta zagaye su da ja, kada ta wuce sai mutum ya duba. Jan da'irar da kuke gani tana fitowa a allo kuna tsaki don tana ɓata muku lokaci, asalinta ke nan. Ma'aikatan fom kuma aka ce in a kasuwa suka cike, su faɗa, ba laifi ba ne.

Kada ku ɗauka na warke. Har yau in na ga shafuka suna zubowa daga firinta sai na ji abin ya motsa. Na dai koyi tashi in faɗi abin da na gani a ranar da na gan shi, ko da bakina na ɗaci.

Da shekara ta zagayo, Tungar Ƙirya ce ta farko a jeri. Injin ya ƙetare gulbi da rani, ya bi lambobina har gindin ƙiryar, bai kauce ko taku ɗaya ba. Direban ya dawo ya ce bai tarar da kowa ba. Rijiyarsu ta ƙafe da wuri a ranin nan, zuwa gulbi kuma ya zama kasada ga mata, sai Arɗo ya kwashe mutanensa da dabbobi suka yi arewa. Wasu sun ce sun shiga Nijar. Ban sake ganinsa ba.

Ɗigon yana nan, ku buɗe shafin ku gani. Bara da muke share ƙauyukan da suka tashi, Nafi'u ya iso kan ɗigon ya tsaya, ya juyo ya tambaye ni ko a goge. Na ce a bar shi.